Babi na Shida: Dabino a Hannun Ɗan Yaye

Babu gidan Bahaushe da ake yi wa dabino kallon alewa. Da shi ake buɗa baki da azumi, shi ake rabawa a ɗaurin aure da raɗin suna, shi ne tsarabar da ake fara nema a wajen alhaji idan ya sauka. A gidaje da yawa ɗanɗanonsa ne farkon zaƙin da jinjiri ke ji a duniya, bisa sunnar nan ta tauna shi a shafa masa kaɗan a ganɗa. Don haka idan uwa ta ga ɗanta mai shekara ɗaya da rabi ya fito daga ɗakin kakarsa da dabino a hannu bibbiyu, gabanta ba ya faɗuwa kamar yadda zai faɗi da minti ko cingam ta gani. In ma ta yi magana, amsa a shirye take: "Ai dabino ne, ba alewa ba. Ƙyale shi ya ci, yana ƙara jini."

Dabino kuwa ba shi kaɗai ba ne. A ƙofar makaranta, a tasha, a bakin kasuwa, ga magarya da kurna ana aunawa da ɗan gwangwani, ga aduwa, ga goruba, ga taura, ga kanya da ɗinya da suka sha rana. Waɗannan iyayenmu da kakanninmu suka taso suna tsotsa. A manyan kantunan birni kuma an yi baƙi: zabibi a 'yan ƙananan kwalaye, busasshen mangwaro da abarba a leda mai sheƙi, da ɓauren da ake kawowa daga Turkiyya. Duka suna shigowa gida da suna guda, 'ya'yan itace, kuma wannan suna ne ke kwantar wa iyaye hankali.

Yaron da nake magana a kansa shi ne wanda ya shekara ɗaya zuwa uku, ɗan tatata da ɗan yaye, mai kai duk abin da hannunsa ya kama zuwa baki. Ra'ayina game da shi a fili yake. Busassun 'ya'yan itace abinci ne na gaskiya, sun fi alewa nesa ba kusa ba. Amma wurinsu cikin kwanon abincin yaro ne, an jiƙa, an cire ƙwallo, an farfasa, kuma kaɗan. Miƙa masa su a hannu ya yi ta yawo yana tsotsa daga hantsi zuwa la'asar, don dai ya bar kuka, shi ne abin da ke jawo kusan duk illar da za a ambata a wannan babi.

A fara da abin da rana take yi wa ɗan itace. Ruwa kawai take ɗaukewa, sukarin yana nan inda yake. Ɗanyen inabi, kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma a kowane giram 100 akwai sukari kamar giram 16. Idan ya bushe ya zama zabibi, ruwan ya koma kashi 15 kacal, sukarin da ke cikin giram 100 kuma ya kai wajen giram 60. Sai an shanya kusan kilo huɗu na inabi kafin a sami kilo ɗaya na zabibi. Duk macen da ta taɓa barin miya a kan wuta har ruwanta ya tsotse ta san wannan lissafi: ba wanda ya ƙara gishiri, amma kowane cokali ya yi ɗau. Dabino ma haka yake, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ƙaramin dabino guda ya yi daidai da ƙwayar sukari ɗaya irin ta shayi, manyan nan masu laushi kuwa ɗaya kan kai ƙwaya uku zuwa huɗu. Cikin tafin hannun babba na zabibi, wato kamar giram 30, yana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali huɗu.

Yaron da aka yanka wa mangwaro ko kankana, ruwan da ke ciki ne ke cika masa ciki ya ture kwano da kansa. Busasshe ba ya ba shi wannan alama da wuri, sai ya yi ta turawa.

A nan maganar ta fi damuna, domin matsalar yawancin yaranmu ba ƙiba ba ce. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma gano kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna da ƙarancin jini. Yaro a wannan hali, kowace loma tasa tana da daraja, ga shi cikinsa ɗan ƙanƙane ne. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro ɗan wata 12 zuwa 23 da yake shan nono yana buƙatar kalori wajen 550 a rana daga abinci. Ƙananan dabino biyar sun kai kalori 100, kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan na rabon yini. Furotin ɗin da ke cikin biyar ɗin nan, wanda shi ne mai gina tsoka da ƙashi, da ƙyar ya kai giram ɗaya, alhali ƙwai guda yana da giram shida. Yaron da ya cinye su da ƙarfe goma sha ɗaya, idan an ajiye masa faten wake ko ɗanwake da rana sai ya kau da kai. Uwa ta ce ba ya son abinci, ta sake miƙa masa dabino don kada ya zauna da yunwa, gobe ma a maimaita.

Maganar ƙara jini kuwa ta yi ƙarfi a bakin mutane fiye da yadda take a ma'auni. Sinadarin ayon, wanda jiki ke gina jini da shi, bai wuce miligiram ɗaya ba a giram 100 na dabino, zabibi kuma kusan biyu. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana buƙatar miligiram 7 a kullum. Da dabino kaɗai za a biya wannan buƙata, sai ya ci fiye da rabin kilo a rana, kuma ko hakan ma irin ayon ɗin da ke cikin tsirrai hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Abin da ke gina jinin yaro shi ne hanta, nama, kifi, wake, da ganye irin su zogale da alayyafo, tare da maganin zazzaɓin cizon sauro da na tsutsar ciki a kan lokaci. Ƙarfin da mai azumi ke ji minti kaɗan bayan ya ci dabino uku gaskiya ne, amma sukari ne ya shiga jini, ba jinin ne ya ƙaru ba.

Wannan bai rage wa dabino alherinsa ba. Yana da harza, wato ɓangaren abincin da ba ya narkewa, wanda ke sassauta bayan gida, kuma yana da sinadarin fotashiyam mai yawa. Alewa ba ta da ko ɗaya daga ciki. Abin da shanya ke lalatawa shi ne bitamin C, don haka busasshen mangwaro ba ya maye gurbin ɗanye. Sai dai akwai ɗan itace guda a ƙasarmu da ya fita daban, wato kuka. Farin garin da ke cikin ƙwanson 'ya'yanta a kan bishiya yake bushewa, kuma bitamin C ɗin da ke cikinsa ya ninka na lemon zaƙi. Wannan bitamin ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi ayon daga wake da gero. Ƙaramin cokali na garin 'ya'yan kuka da aka tankaɗe, a zuba a kunun yaro bayan ya huce, ya fi masa amfani a kan yawancin abin da ake sayowa da tsada a kanti, ga shi ba ƙwallo, ba tauna.

Ƙwallo da tauna su ne hatsarin da ba ya jira. Illar sukari sai a hankali take bayyana, shaƙewa kuwa cikin mintoci take gama aikinta.

Mutane kan ga haƙoran gaba sun fito reras su ɗauka yaro ya isa cin komai. Haƙoran gaba na gatsa ne. Turamen farko, waɗanda ake niƙa abinci da su, ba sa fitowa sai tsakanin wata 13 da 19, na biyu kuma tsakanin wata 23 da 33. Ko bayan sun fito, ƙwarewa wajen juya abu mai tauri a baki har ya niƙu ba ta kammala sai wajen shekara huɗu. Ma'ana, ɗan shekara ɗaya da rabi yana iya gatso guntun dabino, amma ba ya iya niƙa shi. Hanyar numfashinsa kuwa faɗinta bai wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba, kuma tarinsa ba shi da ƙarfin da zai feso abin da ya toshe ta. A haɗa da ɗabi'arsa: yana ci yana gudu, yana dariya, ya faɗi ya ja numfashi da ƙarfi zai yi kuka, abin da ke bakinsa ya bi iska ya wuce.

Kowane irin dabino da nasa salon. Busasshen nan mai tauri da ake kawowa daga Nijar, irin wanda ayarin raƙuma suka daɗe suna ɗaukowa tare da gishiri daga Bilma, idan aka gatse shi ɓallewa yake yi gutsi-gutsi masu ƙarfi. Mai laushin da alhazai ke zuwa da shi daga Madina kuwa cukuikuyewa yake ya zama dunƙule mai danƙo, wanda idan ya maƙale ya fi wuyar fita. Ɗanyen nan rawaya mai garas-garas da ake samu a wajen Dutse lokacin kakarsa shi ma yana da tauri. Dukansu kuma suna da ƙwallo dogo mai santsi. Magarya, kurna, ɗinya da kanya sun fi haka, domin naman kaɗan ne, yawancin abin da yaro ke juyawa a baki ƙwallo ne, girmansa kuma daidai da maƙogwaronsa. Wanda bai tafi maƙogwaro ba, sau da yawa a hanci ko kunne ake samunsa.

Na kan tuna cewa a ƙauye, wanda ke cin magarya shi ne yaron da ƙafarsa ta isa ta kai shi gindinta, kuma mai wannan wayo haƙoransa sun riga sun cika. Yau a leda take zuwa har tsakar gida. Yayan ya dawo daga makaranta aljihu cike, ƙaninsa ya miƙa hannu, shi kuma don ƙauna ya damƙa masa. Don haka gargaɗin bai tsaya kan iyaye ba, dole ya kai ga yayye da 'yan raino.

Hukumomin lafiya na ƙasashen waje ma sun tsaya a kan wannan. A Birtaniya shawarar ita ce kada a ba jaririn da bai shekara ba zabibi ko wani busasshen ɗan itace ɗungurungum, sai an yayyanka, kuma kada a ba yaro gyaɗa da danginta ƙwaya-ƙwaya sai ya shekara biyar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ita ma ta sa zabibin da ba a dafa ba cikin jerin abubuwan da ke shaƙe ƙananan yara. Gyaɗa da aya ba su cikin maganar wannan babi, amma faranti ɗaya suke zama da dabino, kuma gyaɗa na sahun gaba a abubuwan da likitoci ke cirowa daga huhun yara.

Sai haƙori. Abin da muke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a dattin da ke manne wa haƙora, suna cin sukari suna fitar da asid, asid ɗin kuma yana narkar da farin rufin haƙori. Tun a shekarun 1940 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Robert Stephan ya auna yadda abin ke tafiya: minti kaɗan bayan sukari ya shiga baki tsamin ya hau, sai an ɗauki kamar rabin awa zuwa awa guda kafin yawu ya wanke shi, ya fara mayar wa haƙori abin da ya rasa. Idan yaro ya ci zaƙi tare da abinci sau uku a rana, haƙoransa na samun hutun da za su farfaɗo. Idan kuwa kowace awa akwai guntun dabino a kuncinsa, bakin ba ya fita daga tsami. Ga shi rufin haƙoran nono ya fi na manya siranta.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga wani bincike mai muni. Tsakanin 1945 da 1953, a asibitin Vipeholm da ke kusa da birnin Lund a ƙasar Suwidin, an yi gwaji a kan ɗaruruwan masu taɓin ƙwaƙwalwa da ke zaune a can. An raba su rukuni-rukuni, wasu ana ba su sukari a lokacin cin abinci, wasu kuma ana ba su alewa mai danƙo tsakanin abinci, har guda 24 a rana. Waɗanda suka sha sukarinsu tare da abinci, ruɓewar haƙoransu kaɗan ta ƙaru. Masu tsotsar alewa a tsakani kuwa haƙoransu suka lalace ƙwarai. Mutanen nan ba su da ikon cewa a'a, an cuce su, kuma yau ba wata hukuma da za ta yarda a yi irin wannan gwaji. Abin da ya fito fili dai shi ne yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki, da daɗewarsa a ciki, sun fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Daga nan ne aka samo al'adar da 'yan Suwidin ke bi har yau, ta ba yara alewa ranar Asabar kaɗai.

Adalci ne a faɗi cewa masana ba su haɗu a kan cewa zabibi ya kai alewa ɓarna ba. Wani bincike da aka buga a 1991 daga cibiyar nazarin haƙori ta Forsyth da ke Boston ya gano cewa abin da mutane ke ɗauka mai danƙo ne, har da zabibi, yana barin haƙora da wuri fiye da biskit da makamantansa, waɗanda ke jiƙewa su cushe a lungunan turame. A 2005 kuma masu bincike a jami'ar Illinois da ke Chicago sun sanar da cewa akwai sinadarai a zabibi masu hana bakteriyar baki yaɗuwa, sai dai a ɗakin gwaji aka ga haka ba a bakin yara ba, kuma hukumar tallata zabibi ta Kalifoniya ce ta biya kuɗin aikin. Abin da na ɗauka daga nan shi ne uwar da ta karɓe dabino ta miƙa biskit ba ta gyara komai ba, ƙila ma ta ƙara ɓatawa. Amma sukarin da ke cikin busasshen ɗan itace bai ragu ba don an yi wannan bincike, shi ya sa hukumar lafiyar Birtaniya har yanzu take cewa a ci shi tare da abinci, kada a mai da shi abin taɓawa a tsakani.

Kada kuma wani ya ce ai haƙoran nono ne, za su zube. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ke fama da ruɓewar waɗannan haƙora. Turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara tara zuwa sha biyu. Wanda nasa suka yi kogo yana ɗan shekara uku zai daɗe yana tauna da gefe guda, yana kwana kuka, yana gudun nama da duk abin da ke buƙatar tauna. Mafi muni shi ne a ba shi zaƙi ya yi barci da shi a baki, domin yawu raguwa yake yi da dare. Da zarar haƙorin farko ya ɓullo a fara goge shi safe da dare da ƙaramin buroshi mai laushi, da man goge baki mai sinadarin fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa, kuma na dare ya zama bayansa ba a sake cin komai.

Akwai wani sabon yayi da ya kamata a tsaya a kansa, wato garin dabino da ruwan dabino mai kauri da ake sayarwa a robobi don zaƙaƙa kunun yara a madadin sukari. Niyyar iyaye mata a nan mai kyau ce, kuma garin ya ɗara farin sukari da 'yar harza da sinadarai, ya kuma kawar da hatsarin ƙwallo. Amma haƙori da harshe ba su san bambancin ba. Masana abinci na Birtaniya suna lissafa sukarin ɗan itacen da aka markaɗa, ko aka niƙa ya zama gari, ko aka matse ruwansa, a sahu ɗaya da sukarin da aka ƙara da hannu. Shawarar gwamnatin Amurka ta 2020 kuwa ita ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a ƙara masa sukari a abinci sam. Dalilin ya wuce haƙori. Yaron da ya saba kowane kunu sai da zaƙi, ranar da aka ba shi wanda ba shi da shi tofarwa zai yi, daga nan kuma miyar kuka da faten kabewa su zame masa abin faɗa. Idan za a sa, a sa ɗan kaɗan, kuma ba kullum ba. Zuma kam ba a ba yaro ita ko kaɗan sai ya cika shekara.

Ciki ma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Kowa ya san aikin aduwa da tsamiya idan aka yawaita, kuma hanjin ƙaramin yaro ba ya iya tsotse sukarin 'ya'yan itace mai yawa a lokaci guda, sai ragowar ya jawo ruwa, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya. Yaron da bayan gidansa ya yi tauri, dabino ɗaya ko biyu da aka jiƙa, da isasshen ruwan sha, na iya sassauta masa.

Kafin a ba yaro dabino, a tsaga shi biyu a duba cikinsa a wuri mai haske. Lafiyayye cikinsa fari-fari ne ko ruwan zuma, da 'yar fata siririya kewaye da ƙwallo. Wani kuwa daga waje lafiya lau, amma da an buɗe sai a ga baƙin gari kamar toka ya cika ramin ƙwallon, wannan hunhuna ce. Wani a ga 'yan ƙananan ƙwayoyi ja-ja da zare kamar saƙar gizo, alamar tsutsa ta zauna a ciki. Duka biyu na zubarwa ne, ba a kankare gefe a ba yaro sauran. Ba kowace hunhuna ce ke da dafi ba, amma ido ba ya rarrabewa, kuma wasu na fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda wanki da dahuwa ba sa kashe ta. An fi saninta a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, tana kuma kama busasshen ɓaure. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yara 480 a Benin da Togo ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa, kuma yawanta na ƙaruwa ne daidai lokacin yaye. Ban da wannan, kayan da suka wuni a buɗe a bakin titi sun sha ƙura da ƙuda da hannun masu tayawa, wanki ya zama dole.

Na kanti kuma a juya bayan leda a karanta. Abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ne mafi yawa a ciki, kuma busasshen mangwaro da abarba da yawa an jiƙa su a ruwan sukari kafin a busar. Wanda launinsa ya yi ɗau kamar yanzu aka yanka, galibi an sa masa sinadarin salfa don kada ya dushe, za a ga lambar E220 ko na kusa da ita. Yawancin yara ba ya yi musu komai, amma yana iya tayar wa mai asma ciwonsa.

Yadda za a ba shi ba wuya. A ɗauki dabino ɗaya ko biyu, a wanke, a cire hular da ke kansa da ƙwallon, a zuba masa ruwan zafi a rufe har ya yi laushin da zai mutsuke tsakanin yatsa biyu. Idan ɓawon ya ɗago a zare shi. A dame naman da bayan cokali a juya cikin kunun gyaɗa ko kindirmo, ko a yayyanka shi ƙanana a barbaɗa a kan abinci idan yaron ya haura shekara biyu. Zabibi ma a jiƙa shi ya kumbura sannan a daddatsa, babban cokali ɗaya ya isa. Magarya da kurna a daka a tankaɗe a yi amfani da garin, goruba a jiƙa a tace. Yaro ya ci a zaune, babba na kallonsa, ba a mota ba, ba a goye ba inda uwa ba ta ganin fuskarsa. Idan yunwa ta taso masa tsakanin abinci, ayaba, gwanda, dafaffen dankali, dafaffen ƙwai da aka yanka ko nono marar sukari sun fi dacewa da wannan gurbi.

Da azumi ne abin ya fi wuya, lokacin da faranti ke tsakiyar tabarma kowa hankalinsa na kan kiran salla. A ɗaga farantin sama, a ware wa yaro nasa da aka gyara, a kuma tanadi kwano mai murfi na zuba ƙwallaye. Kyautar kaka kuwa ba a mayar da ita, kuma ba sai an yi musu ba. Ya isa uwa ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Bari in cire masa ƙwallon in sa masa a kununsa."

Duk da haka tsautsayi na iya faruwa, kuma ya kamata duk wanda ke zama da yaro ya san abin yi. Idan yaro ya ƙware amma yana tari da ƙarfi, yana kuka, iska na wucewa ke nan, a bar shi ya yi tarin, a tsaya kusa da shi. Idan kuwa ya yi shiru, baki buɗe ba sauti, leɓɓansa suka fara canza launi, ba lokacin neman mota ba ne, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba iska. Wani ya ruga neman taimako, wanda ke riƙe da yaron kuma ya sunkuyar da shi, kansa ya yi ƙasa, ya buga masa gindin tafin hannu da ƙarfi a tsakanin kafaɗu har sau biyar. Idan abin bai fito ba kuma yaron ya haura shekara, a durƙusa ta bayansa, a dunƙule hannu a ɗora tsakanin cibiya da ƙasan ƙirji, a riƙe da ɗaya hannun a fizgo ciki da sama sau biyar, a yi ta sauyawa tsakanin bugu da fizga. Wanda bai shekara ba, ba a matsa masa ciki, a kwantar da shi rigingine a danna tsakiyar ƙirji. Kada a ɗura masa ruwa, kada kuma a zura yatsa ana lalube, sai in ana ganin abin a fili, domin laluben na ƙara tura shi ciki. Ko abin ya fito, yaron da aka matsa wa ciki a kai shi asibiti a duba shi.

Wani lokaci kuma yaro kan ƙware ya yi tari sosai, can sai ya lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi ya wuce, alhali guntun ya gangara ne ya zauna a ɗaya daga rassan huhu. Bayan kwanaki ko makonni sai tari ya ƙi jin magani, numfashi na fita da ƙara, zazzaɓi da ciwon huhu suna tafiya suna dawowa. Ƙwallon ɗan itace da gyaɗa galibi ba sa fitowa a hoton ƙirji, don haka likita na iya yin ta ba da maganin tari ba tare da ya zargi komai ba. Labarin da uwa za ta bayar ne zai sa ya tura yaron wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a zura siririn bututu mai fitila a ciro abin. Saboda haka idan aka je asibiti da irin wannan tari, a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya cewa rana kaza yaron ya ƙware yana cin abu kaza.